Buhu Ukun da Na Mayar Toka

A wannan makon Ishaku ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ɗana ne, na biyu cikin biyar ɗin da na haifa, kuma shi ya kawo ni ƙasar nan ta Amurka. Sunana Saratu, amma har yau Maman Ishaku ake ce mini a coci da kasuwa. Masu bin wannan fili na jarida sun san ni da faɗa. Na yi rubutu a kan iyayen da ba sa koya wa 'ya'yansu gaisuwa, na yi a kan matan da ke zuwa gidan makoki da robar kwasar abinci a jaka. Yau ba wanda zan yi wa faɗa. Kaina zan kama.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne, can inda kwakwar manja take. Da manja na yi aure, da manja na raini yara, da manja na kai Ishaku makaranta. In an saro kan kwakwa daga bishiya, a zazzage 'ya'yan, a dafa, a daka, a matse mai. Abin da ya rage shi ne kan nan fanko, ƙaya da zare-zare, ba ya ciyuwa, akuya ma ba ta kallonsa. A bayan kowane wurin matsar manja za ka gan shi tsibi guda yana ruɓewa, ƙuda na bi. Mu mata ne kaɗai muka san amfaninsa. Uwata ta koya mini: ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki ƙona, ki kwashe tokar, ki zuba a tukunya mai huji a gindi wadda kika shimfiɗa wa ciyawa, ki zuba ruwa a kai, ki ajiye kwano a ƙasa. Ruwan zai riƙa ɗiga a hankali. Na farko baƙi, ki mayar, ki sake mayarwa, har ya fito garau. Da shi ake miyar karkashi, da shi ake sabulu. Tun yana ɗan ƙarami Ishaku yake tsugunawa gaban tukunyar nan yana kallon ɗigon, har sai na kore shi.

To yaron nan ya yi karatu har ya gaji da karatu, ya zama injiniyan haɗa sinadarai, ana ce masa Dakta. Da na iso gidansa a Germantown na tambaye shi aikin me yake yi takamaimai, sai ya ce aikin kan kwakwa. Na ce wane kan kwakwa? Ya ce wanda na sani. Na ce masa na sha rana na sayar da manja don ya rabu da bola, ashe bolar zai koma tono da digiri uku. Ya yi dariya har ya ƙware. Daga ranar yake ce mini Farfesar Toka.

Ya sha yi mini bayani, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya iya bayani. Wai a cikin zaren nan akwai sukari a kulle, kamar yadda mai yake kulle a cikin ƙwara. Sai an niƙa shi, an dafa shi da zafi mai tsanani kafin ya saki. Sannan a ba wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda ke sa ƙullun koko ya yi tsami, su cinye sukarin su fitar da wani ruwan tsami. Wannan ruwan masu masana'anta suke nema, su yi roba da fenti da leda mai ruɓewa in an yar, maimakon su dogara da man fetur. Amma ya ce duk wannan mai sauƙi ne, wahalar tana wajen tacewa. Abin yana fitowa ne kamar ruwan kwata, da datti iri-iri a ciki, ba kamfanin da zai saya haka. Sai a bi da shi ta cikin gawayi, a tace, a dafe ruwan, a bar shi ya huce har ƙwayoyi su fito, a sake narkarwa a sake tacewa, har ya zama fari tas kamar gishiri. Wata rana ya kawo mini ɗan kaɗan a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ya ce wata takwas ya yi kafin ya samu wannan. Ya ce tukunyata mai huji ita ce injinsa na farko. Na ce to ya biya ni kuɗin makaranta.

Sai dai abin da ke cikin 'yar kwalbar daga kan kwakwar Malesiya aka yi shi, don can ne kowa ke sayowa. Shi kuwa burinsa na gida. Ya ce ƙasa ta bambanta, bishiya ta bambanta, dole sai ya gwada da namu ya nuna yana yiwuwa, sannan masu hannu da shuni su yarda a kafa ƙaramar masana'anta a wajenmu. Shi da abokansa biyu suke da ɗan kamfani. Shigo da ganye ko itace ƙasar nan ba wasa ba ne, ya fi shekara yana bin takardun izini. A ƙarshe kayan suka iso, buhu uku, an sassare an busar. Ɗakin gwajin da suke haya ana gyaransa a makon, sai ya jingine su a gareji, wai zuwa Litinin.

Kafin in kai ku ga abin da na yi, sai na faɗi wata ƙarya da ta riga shi. Lokacin da Ishaku ya tafi ƙasar waje, ya dame ni da saƙo in shiga ajin karatun manya da zumuntar mata ta buɗe a cocinmu. Na shiga. Sati uku na yi, malamar, yarinyar da na ga ranar haihuwarta, ta gyara mini riƙon fensir a gaban mutane, na tashi ban sake komawa ba. Amma na sa aka gaya masa na gama. Wasiƙuna matar fasto ke rubuta mini, ya ɗauka hannuna ne. A coci ina riƙe littafin waƙa ina rerawa da ka, ina juya shafi in na ga na kusa da ni ta juya. Shekara goma sha ina haka. Ni da nake gaya wa kowa gaskiyarsa a fuska, wannan guda ɗaya na ɓoye, kuma ya yi ta alfahari da ni a gaban abokansa, wai uwarsa ta koyi karatu da furfura.

Buhunan sun iso ranar Talata. Da yamma matarsa Rifkatu, nas ce, ta dawo daga asibiti ta buɗe gareji, warin ya buge ta. Ta ce masa da wasa, in bai kwashe sharar nan tasa ba, ranar Alhamis motar shara na zuwa, za ta yi masa taimako. Ya ce ta taɓa ta gani. Suka yi dariya. Ina zaune ina tsinke alayyafo, na ji. Laraba da sassafe ya tafi taro wani gari, sai Asabar zai dawo.

Da gidan ya yi shiru na shiga gareji na kwance bakin buhu ɗaya. Shekara biyu rabona da gida. Warin da ya kori Rifkatu ni zama ya sa na yi a kan bokiti, na tura hannu ciki har gwiwar hannu. A saman buhun an ɗaura wani kwali da igiya, da rubutu manya-manya. Na kalle shi yadda nake kallon kowane rubutu, na ɗauka irin na masu jirgi ne.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na ɗauka ragowar aikinsa ce, tunda aikin gaske yana can inda ake sa farar riga, abin da aka yar a gareji tsakanin tsofaffin tayoyi kuwa an gama da shi, ga shi matar gida ma ta kira shi shara. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Sauran gaskiyar ita ce girman kai. Na so in nuna wa Dakta cewa abin da yake shekaru yana fama da shi, ni a kwana biyu zan fitar masa da miya da sabulu. Waya tana gidan, lambarsa na haddace ta. Ban kira ba, don na san in na tambaya zai iya cewa a'a.

Ranar Alhamis, Rifkatu ta tafi aiki, jikata Ladi ta tafi makaranta. Na juye buhunan a kan tsohon zani a bayan gida, na ninke su na sa a kwandon shara, mota ta zo ta kwashe. Na buɗe murhun da suke gasa nama, na riƙa ƙonawa kaɗan-kaɗan don kada hayaƙi ya tara mini maƙwabta. Kwalin nan shi na yi fifita da shi. Wuni guda na yi, ina waƙa. Na huda gindin wata tsohuwar robar fenti, na shimfiɗa tsumma a madadin ciyawa, na tace. Na wanke murhu tas, na zuba ragowar tokar a gindin tumatir. Da Rifkatu ta dawo a gajiye, ko garejin ba ta shiga ba. Washegari na dafa sabulu da manja, na mulmula guda shida, na jera su a kan kwalin, na tura ƙarƙashin gadona su bushe. Niyyata sai sun yi ƙarfi in fito da su in ba su mamaki.

Asabar ya dawo na yi tuwo da miyar karkashi. Ya ci, ya ƙara, ya ce rabonsa da miya irin wannan tun kakarsa tana raye. Ya ɗauka kanwar shagon kayan abincin gida da ke Wheaton ce ta yi kyau a wannan karon. Na yi murmushi. Na zauna ina kallon ɗana yana lashe aikin shekara guda daga yatsunsa, ina jin daɗi.

Litinin da safe ya ja mota da baya har bakin gareji don ya loda. Na ji ƙofa ta ɗaga, na ji shiru, na ji yana ture kaya. Sai ya shigo kicin, ni ya fara samu.

"Mama, kin ga buhunan da ke gareji?"

Na ce na gani. Fuskarsa kawai na kalla na san na yi ɓarna.

"Kin ga kwalin da na ɗaura a kai?"

"Na gani."

"Da Hausa na rubuta miki. Kin karanta ko?"

Ga wurin da zan tsaya ke nan. Kalma uku ce, ban iya ba. Da na faɗe ta, da ya yi fushi na kwana uku, ya yi ta ba da labarina yana dariya har ƙarshen ransa. Amma Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, Ladi tana ɗaura takalmi, sai na ga matar fasto, na ga littafin waƙa, na ga abokansa da yake yi wa alfahari da ni.

"Na karanta," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san ba zan taɓa ba. Ya juya ga matarsa.

Ba ihu ya yi ba, da ihu ne da ya fi sauƙi. Ta ce masa wasa take yi ranar Talata, ba ta ko shiga garejin ba. Ya ce manya uku ne a gidan, shi ba ya gari, Mama ta karanta abin da ya rubuta, saura wa? Ta ce ya tuna shekara nawa suke tare, ta taɓa yi masa ƙarya? Ya ce da ta ce kuskure ta yi, da ya fi masa. Ta dube ni ta ce, "Mama, ke kina gida ranar Alhamis, kin ga na fitar da wani abu?" Na ce ni ina ɗaki, ban ga komai ba. Ya bi sawun motar shara har inda ake jibgewa, ya dawo da yamma da takalmi duk ƙazanta, ba komai.

Masu son zuba kuɗin sun ba su wata biyu ne su nuna farin garin nan daga kayan Najeriya. Sabon izini ba ya fitowa a wata biyu. Abokansa suka ce ba za su zauna jira ba, suka ci gaba da na Malesiya, kamfanin ya koma wani abu dabam, shi ya zama ma'aikaci a ciki kawai. Maganar masana'anta a gida ya daina yin ta.

Wannan asara ce, amma ba ita ke hana ni sakewa ba. Gidan ne ya canza. Ba su rabu ba, ba su yi faɗa a gaban yarinya ba. Sai dai ya sayi kwaɗo ya sa wa kabad ɗin da ke gareji, makullin a aljihunsa. In ya dawo aiki, da ita yake zama ya ba ta labarin yau an tace, yau ya yi fari, yau ya ƙi. Ya daina. Ni ya mayar abokiyar hirar, ya zauna a gefen gadona yana ba ni labari, sabulun nan shida suna cikin akwati a ƙarƙashinmu. Labari ya kai coci, ban san ta bakin wa ba. Matan zumunta suka riƙa ce wa Rifkatu Sarkin Tsabta a bayan idonta, wata ta ce a gabana 'yan boko ba su san darajar wahalar miji ba. Ni da ba a gulma a gabana in bari, na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwali.

Sau ɗaya na yunƙura. Wajen shekara biyu bayan abin, yana mayar da ni gida daga ganin likita, muka maƙale a cunkoson babbar hanyar nan ta 270, motoci ba gaba ba baya. Na ce, Ishaku, maganar buhunan nan. Bai bari na ƙarasa ba.

"Mama, bar shi ya wuce. Na riga na yafe mata."

Ya faɗa da sanyin murya, irin ta mutumin da ya yi addu'a ya ci ƙarfin zuciyarsa. Ya yafe mata abin da ba ta yi ba, yana jin ya yi abin kirki. Na ce Allah ya yi masa albarka. Mota ta motsa.

Shekara guda bayan nan ya faɗi a wurin aiki da tsakar rana, kafin a kai shi asibiti ya cika. Likita ya ce hawan jini ne. Ba zan ce ni na kashe shi ba, ubansa ma haka ya tafi, kuma ba na son in ƙara wa kaina girma ko da a laifi ne. Abin da na yi ya isa. Shekara ukun ƙarshe da Allah ya ba su tare, na zuba musu toka a ciki. Ya mutu yana ganin matarsa ta yi masa ƙarya, ita kuma ta binne miji bai wanke ta ba.

A zaman makoki ƙanena ya turo dogon saƙo daga gida, da Hausa. Rifkatu ta miƙo mini wayar ta ce in karanta, nawa ne. Na ce ba tabarau. Ta tashi ta ɗauko mini. Na sa, na riƙe wayar ina motsa baki. Ban san hasken wayar ya mutu ba, hawaye sun rufe mini ido, na ci gaba da motsa baki a kan baƙin gilashi. Da na ɗago, tana kallona. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta karɓi wayar ta karanta mini a bayyane, ba ta ƙara ko kalma ba.

Na ɗauka ƙarshen zamana da su ya zo. Gidan Germantown ya yi mata nauyi ita kaɗai, ta kama haya a Hyattsville, ɗaki biyu, kusa da jirgin ƙasa. 'Yata ta gida ta ce in tattaro in dawo. Rifkatu ta ce Mama ba inda za ta, Ladi ta rasa uba, ba za ta rasa kaka a shekara ɗaya ba. Muka tare. Wata ranar hutunta ta dawo daga kasuwa ta ajiye littafin rubutu da fensir a gabana a teburin kicin, ta ja kujera.

"Mama, riƙe yadda ya yi miki daɗi. Mu fara."

Ba ta ce ta gane ba, ba ta ce me ya sa ba. Ina da shekara sittin da takwas. Na yi mata taurin kai, na jefar da fensir ya fi sau goma, na ce mata baƙaƙen nan duk kamarsu ɗaya kamar 'ya'yan Sinawa, ta ce Sinawan ma haka suke ganinmu, in ɗauki fensir. Takan dawo daga tsayuwar awa goma sha biyu a kan marasa lafiya ta zauna da ni. Shekara biyu muka yi kafin in iya bin layi ni kaɗai.

Ranar da na tabbata na iya, na jira ta fita, na jawo akwatina. Sabulun suna nan naɗe a zani, sun ƙanƙance sun yi fari-fari. Kwalin yana ƙasansu, gefe ɗaya wuta ta lashe shi, ga shacin sabulu shida a kai. Na kai shi bakin taga na bi da yatsa.

"Mama, don Allah kada ki ƙona wannan. Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ba na toka ba ne, aikina ne. In na gama zan rage miki. Ishaku."

Ya san ni sarai. Ya san abin da zan yi tun ban yi ba, ya tsaya da sassafe da jakar tafiya a hannu ya rubuta mini. Abu ɗaya ne bai sani ba, kuma ni na ɓoye masa. Da wannan kwalin na hura wutar.

Shekara biyar ke nan da karanta shi. Ku lissafa da kanku. Na iya karatu, na iya rubutu, har na samu bakin yi wa jama'a faɗa a jarida, amma na mayar da kwalin akwati na rufe.

Ina yawan tunanin me zai ce in ya leƙo yau. Ladi tana jami'a, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, amma tana durƙusawa ta gaishe ni, wannan zai ji daɗinsa. Takan nuna mini a waya yadda ake ta maganar robar da ke ruɓewa da kayan da ake yi daga sharar gona, abin da yake faɗa tun mutane na yi masa kallon mai tonon bola. Ina jin zai ce ai na gaya muku, ya kuma tambaya sun iya tacewa kuwa, don kullum nan hankalinsa yake. Ƙanena ya ce a gida har yanzu kan kwakwa yana nan tsibi-tsibi a bayan injin matsa, damina ta ruɓar, rani a cinna masa wuta. Wannan zai sa shi shiru. Ban san ko masana'antarsa za ta tsaya da ƙafarta ba da buhunan sun kai Litinin, wataƙila da wani abin ya kayar da ita. Amma da ya gwada. Kwanan baya kuma na shiga shagon nan na Wheaton na ga ruwan toka a kwalba, an jera a kan kanta kusa da daddawa, kowa ya ɗauka ya biya. Na tsaya a gabansa har mai shagon ya tambaye ni ko lafiya. A nan kam dariya zai yi, ya ce Farfesa, da kin yi haƙuri.

Amma abin da zai fi tsaya masa, in ya leƙo, shi ne ya ga wadda ke auna mini hawan jini kowace safiya, wadda ke yanka mini farcen ƙafa tunda ba na iya sunkuyawa. Rifkatu ba sakarya ba ce. Matar da ke lura da numfashin majiyyaci ya canza tun kafin inji ya yi ƙara, ba za ta ga tsohuwa tana karanta baƙin gilashi ta kasa tuna ranar da tsohuwar ta ce na karanta ba. Ina jin ta sani tun ranar makoki. Ba ta taɓa tambaya ba. Na daɗe ina fakewa da wannan, ina cewa tunda ta sani ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Sani dabam, a faɗa maka dabam, kuma matan da suka sa mata suna ba su sani ba. Yawancinsu suna karanta wannan fili, ina gaishe ku, ku karanta da kyau. Ba ta taɓa buhun kowa ba. Ni ce.

Me ya rage na Ishaku? Masana'anta babu. Takardunsa suna kwali biyu a kabad, da Turancin da ko Ladi ba ta gane rabinsa. Akwai 'yar kwalbar nan ta farin gari, tana kan tagata, shekara goma sha ba ta canza launi ba, ya tace ta da gaske. Akwai 'yarsa mai tsugunawa ta ƙura wa abu ido kamar shi. Akwai layi biyar da ya rubuta wa uwarsa da hannunsa, yana roƙonta da ladabi, har da alkawarin zai rage mata. Ya ce mini datti ba ya fita a tacewa ɗaya, sai an mayar an sake mayarwa, kuma wanda ya gaji ya tsaya a rabi, abin da ya samu ba mai saye. Shi bai gaji ba. Ni ce na tsaya a rabi shekara goma.

Duk rubutun da nake aikowa jaridar nan da fensir nake yi, Rifkatu ke buga shi a kwamfuta ta tura. Wannan ma haka. Na so in faɗa mata da baki, na gwada jiya, na gwada shekaranjiya, bakin nan da bai taɓa jin nauyin kowa ba ya ƙi buɗewa. To hannun da ta koya wa rubutu shi zai faɗa. Zan ajiye takardun nan a teburin kicin inda muka fara, in ɗora kwalin a kai, da sabulun shida, in koma ɗaki in bar ƙofa a buɗe.

Rifkatu, 'yata, ban ce ki yafe ba, an riga an yi miki yafiyar da ba ki nema ba sau ɗaya, ta ishe ki. In kin ga dama ki yaga, in kin ga dama ki sa ni a jirgi. Ku kuma masu karatu, in kun ga wannan a shafin jarida, to ta karanta har ƙarshe, kuma ita ta tura.